Awon Gona Daga Sama: Abin da Tauraron Ɗan'adam Ke Gani a Ƙasar Zazzau da Abin da Ke Ɓuyar Masa

A 'yan shekarun nan maganar "an duba gonar ta tauraron ɗan'adam" ta shiga bakin mutane a Zariya da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ma'aikatan kamfanonin da ke ba manoma bashin taki da iri kan zo da waya a hannu, su zagaye iyakar gona suna ɗaukar lambobinta. Akwai manhajojin da ke cewa in ka nuna musu inda gonarka take, za su faɗa maka takin da ya dace da ita. Ga kuma manyan shirye-shirye irin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a Disambar 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. Irin wannan aiki da taswira ake zaɓar inda za a yi shi, da ita kuma ake auna ko an yi.

Sai aka samu ruɗani. Wasu sun ɗauka na'urar da ke sama tana ganin har cikin ƙasa, ta san gishirin da ke ciki da wanda babu. Wasu kuma na ganin zancen bai wuce dabarar 'yan boko ta neman kwangila ba. Dukansu biyu sun kauce wa yadda abin yake.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne hoton jirgin sama. Jirgi ne ke tashi da kyamara a cikinsa tana kallon ƙasa tsaye, yana bin layi yana ɗaukar hotuna a jere. Kowane hoto yakan maimaita kusan kashi 60 cikin 100 na wanda ya gabace shi, da gangan, domin idan aka ɗora biyun ƙarƙashin wani gilashi mai ido biyu sai tudu ya taso, kwari ya nutse, mai dubawa ya ga ƙasar kamar yana shawagi a kanta. Jirgi maras matuƙi da ake gani yanzu wannan aikin yake yi, sai dai yana ƙasa-ƙasa, kuma filin da yake iya rufewa a yini kaɗan ne.

Na biyu shi ne hoton tauraron ɗan'adam. Wannan ba hoto ba ne irin na mai hoto a kasuwa. Na'urar tana auna yawan hasken rana da ƙasa ta mayar sama, launi-launi, har da wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda masana ke kira infared. Tana raba doron ƙasa zuwa ƙananan murabba'ai, kowane ɗaya ta ba shi lamba. Girman wannan murabba'i, wato ɗigo, shi ne iyakar ganinta. A Landsat na Amurka ɗigo ɗaya mita 30 ne a kowane gefe, kuma tauraro guda yana dawowa wuri ɗaya bayan kwana 16. A Sentinel-2 na Tarayyar Turai mita 10 ne, ana kuma samun sabon hoto kusan kowane kwana 5. Lissafin a gona: hekta ɗaya ɗigo 100 ce a Sentinel-2, amma a Landsat ba ta wuce ɗigo 11 ba.

Na uku ita ce taswirar kanta, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Hoto ba taswira ba ne. Sai wani ya zauna, mutum ko kwamfuta, ya ce wannan launi gona ce, wancan daji ne, wannan fadama ce, ya ja layi tsakaninsu. Duk taswirar tsirrai ko ta ƙasar noma fassarar hoto ce, kuma ingancinta ya dogara da yawan wuraren da aka taka da ƙafa aka tabbatar.

Samaru ta daɗe a wannan harka

Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kuma tashar ce ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR lokacin da ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sashen awon ƙasar noma na tsohuwar Jihar Arewa a nan ya zauna. Bayan yaƙin duniya na biyu Ingila ta kafa hukumar safiyo ta ƙasashen da take mulka a 1946, aka riƙa ɗaukar hotunan Najeriya da jirage, kuma daga waɗannan hotuna aka zana yawancin taswirorin ƙasa masu ma'aunin 1:50,000 da ɗaliban labarin ƙasa suka sani. Masu awon ƙasar noma su ma da su suka yi aiki. Sukan zauna da hotuna su shata duwatsu, tuddai, gangare da fadamu, sannan su fita da mota da ƙarfen haƙa su duba ko abin da suka shata haka yake.

Matsalar jirgi ita ce tsada, ga gajimare da hazo. Shi ya sa a 1976 da 1977 Sashen Gandun Daji na Tarayya ya sa aka ɗauki Najeriya gaba ɗaya daga jirgi da na'urar rada, mai aika igiyar rediyo ƙasa tana auna wadda ta dawo, domin rada ba ruwanta da gajimare. Daga nan aka fitar da taswirorin tsirrai da amfanin ƙasa masu ma'aunin 1:250,000. A tsakiyar shekarun 1990 an sake yin irin wannan aiki da hotunan tauraro domin a ga abin da ya sauya, aka tarar gonaki sun faɗaɗa, daji ya ja baya. Taswirar ƙasar noma ta Najeriya baki ɗaya kuwa ta fito ne a 1990.

Ya kamata a lura da ma'aunin nan. A taswira mai 1:250,000, santimita ɗaya tana wakiltar kilomita biyu da rabi. Gona mai hekta ɗaya ba ta kai rabin milimita ba, tsinin fensir ma ya fi ta girma. Taswirorin an yi su ne domin ma'aikatu su tsara inda za a yi madatsar ruwa ko gandun daji, ba domin a gaya wa manomin Bomo ko Dakace buhu nawa zai zuba ba.

An harba Landsat na farko a Yulin 1972, amma shekaru da yawa hotunansa sai mai kuɗi. Abin da ya sauya harkar shi ne a 2008 Amurka ta buɗe rumbun hotunan kyauta, sannan Sentinel-2 ya zo a 2015, shi ma kyauta. Najeriya ta kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a Satumbar 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agustan 2011, tana kuma da cibiyar nazarin hotunan tauraro a Jos. Amma abin da ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko Kongo ke saukewa yau a kwamfutarsa, galibi na Amurka da Turai ne.

Yadda ake karanta ganye

A nan fasahar ta fi ƙarfi. Ganye mai rai yana shanye jan haske domin haɗa abincinsa, yana kuma mayar da infared da yawa. Busasshiyar ciyawa da tsirarar ƙasa ba sa yin haka. Masana sukan ɗauki bambancin hasken biyu su raba shi da jimlarsu, su sami lamba tsakanin -1 da +1 da ake kira NDVI. Ruwa yakan faɗa ƙasa da sifili, fako yana kusa da sifili, gonar masara da ta rufe a Agusta kuwa tana can sama.

Idan aka jera hotunan shekara guda, sai kowane irin fili ya nuna halinsa. Gonar tudu ta yi kore daga Yuni, ta bushe a Oktoba ko Nuwamba. Fadamun kogunan Galma da Kubanni, da gonakin raken wajen Maƙarfi, suna nan kore a Fabrairu lokacin da ko'ina ya yi fari. Mangwaro da darbejiya da turare ba sa tuɓe ganye gaba ɗaya, don haka ana gane unguwanni da gonakin itace da rani. Gawo kuwa nasa daban ne: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, don haka wanda ya ƙirga itatuwa da hoton Agusta zai tsallake shi.

Zariya tana yankin da masana ke kira dajin Gini na arewa, inda ruwan shekara ke kai kimanin milimita 1,000, kuma asalin itacen dajinsa doka ce. Yau abin da ya fi yawa shi ne gonaki da ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka da rimi jefi-jefi a cikinsu. Wannan ya daɗe yana rikita taswira. Ma'anar daji a wurin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce fili mai fiye da rabin hekta, da itatuwan da ke wuce mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100, kuma ba gona ba. Ɗorawar da ke tsakiyar gona ba ta shiga wannan lissafi, a ɗigo mai mita 30 kuma sau da yawa narkewa take yi cikin launin ƙasa. A 2020 wasu masana sun yi amfani da hotuna masu kaifi ƙwarai suka ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 a wani yanki na Sahara da Sahel a yammacin Afirka, wurin da tsofaffin taswirori ke nunawa kusan babu komai. Wannan ya nuna cewa idan taswira ta ce babu daji, ba ta ce babu itace ba.

Sai kuma lokaci. Yuli, Agusta da Satumba, watannin da aka fi son ganin halin shuka, su ne watannin gajimare, ana iya shafe makonni ba a sami hoto mai tsabta ba. Da hunturu hazo ke dusashe hoto, ƙunar daji kuma ta baƙanta fili. Rada irin ta Sentinel-1 tana ratsa gajimare, amma ba launi take gani ba, kaushi da danshi take ji, kuma karanta ta ya fi wuya. Ga shi manomin Zazzau ba kasafai yake shuka abu ɗaya ba. Dawa da wake, ko masara da waken soya, a kunya ɗaya suna ba da lamba ɗaya a ɗigo ɗaya, kwamfuta kuma dole ta zaɓa musu suna guda.

Ƙasar noma ta fi wuya

Hasken rana ba ya shiga ƙasa. Abin da tauraro ke gani shi ne fatar sama, 'yan milimitoci, shi ma sai lokacin da babu shuka, babu karmami, babu toka. Daga launin ana iya hasashen wasu abubuwa: ja alamar tsatsar ƙarfe ce, baƙi na iya zama ruɓaɓɓen ganye ko danshi, fari na iya zama rairayi. Amma saiwar masara tana aiki ne a ƙasa da haka, kuma abin da manomi ke son sani, wato yawan naitirojin da fosfaras da fotash, da tsamin ƙasa, da ko akwai marmara a zurfin kamu biyu, ba ya fitowa a hoto kai tsaye.

To yaya ake yin taswirar? Ta bin alamu. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskar ƙasa ita ce shimfiɗarta da abin da ya tsiro a kanta. A yankin Zariya tsarin yana maimaita kansa: a gindin duwatsu irin Kufena da kan tuddai ƙasa ba ta da zurfi, tsakuwa da marmara sun yi yawa, a tsakiyar gangare akwai jar ƙasa mai zurfi wadda ta fi karɓar masara da dawa, a can ƙasa sai laka mai toka-toka ta fadama, mai riƙe ruwa. A saman yawancin wannan akwai lallausar ƙurar da iska ta tara tun zamanin da, ita ce ke sa ƙasar Samaru yin ɓawo bayan ruwa mai ƙarfi har tsiro ya sha wuyar fitowa. Duk wanda ya iya gane tudu da gangare da fadama a hoto, ya san inda zai je ya haƙa. Manomi ya riga ya san wannan rabo da sunayensa: jigawa, jangargari, laka, fako.

Salon zamani bai bar wannan hanya ba, ya dai miƙa ta ga kwamfuta. Ana ɗebo samfurin ƙasa daga wuraren da aka san lambobinsu, yawanci daga sama zuwa zurfin santimita 20, a auna a ɗakin gwaji. Sai a ba kwamfuta sakamakon tare da hotunan tauraro, bayanan ruwan sama da na tsayin ƙasa, ta koyi alaƙar da ke tsakaninsu, ta yi hasashen sauran wuraren da ba a je ba. Haka aka yi SoilGrids na cibiyar ISRIC da ke Holan, mai ɗigon mita 250, da iSDAsoil na 2020 mai ɗigon mita 30 na Afirka baki ɗaya. Na biyun an gina shi a kan samfura sama da 100,000. Adadin yana da yawa a ji, amma Afirka murabba'in kilomita miliyan 30 ce, ko da an raba daidai samfuri ɗaya zai wakilci ɗaruruwan murabba'in kilomita, kuma ba daidai aka raba ba. Lambar da manhaja ta nuna a kan gonar mutum hasashe ce, ba awon gonarsa ba.

Hasashen ya fi dacewa a kan abubuwan da ba sa saurin sauyawa, kamar yawan laka da yashi. Yana rauni a kan abin da hannun manomi ke sauyawa. Gonaki biyu a Hunƙuyi na iya haɗa iyaka, ɗaya an shekara goma ana kai mata takin shanu da shara, ɗayar an tatse ta da yuriya kawai. Ruwansu ɗaya, gangarensu ɗaya, a wurin kwamfuta kusan abu ɗaya ne, amma a wurin girbi ba haka ba ne. Ko shukar ta yi rawaya hoto ya nuna, bai isa ya bambance yunwar taki da wuta-wuta, ko kwanciyar ruwa, ko tsutsar masarar nan da ta shigo ƙasar a 2016 ba.

Inda masana suka saɓa

Masu goyon bayan taswirar kwamfuta suna da hujja mai ƙarfi. Awon ƙasa gona-gona yana cin kuɗi da lokaci, ɗakunan gwaji kaɗan ne, malaman gona ba su isa ba. An daɗe ana ba manoman yanki guda shawarar taki iri ɗaya, 15-15-15 ko 20-10-10 da yuriya, alhali ƙasarsu ba ɗaya ba ce. A ganinsu hasashe mai kuskure kaɗan ya fi shawarar da ba ta duba ƙasa ko kaɗan ba. Sukan kawo misalin Habasha, wadda ta fara taswirar ƙasar nomanta ta wannan hanya a 2012, ta kuma gano ƙarancin farar wuta da wasu ƙananan sinadarai a wurare da yawa, abin da ya sa ta sauya irin takin da take amfani da shi.

Masana ƙasa na tsohon salo ba su musanta amfanin hoto ba, da shi suka tashi. Ƙorafinsu shi ne kyan taswira yana yaudara. Taswira mai ɗigon mita 30 tana sa mai kallo ya ɗauka an san kowace gona, alhali ƙanƙantar ɗigo ba ta nufin yawan samfuri. Suna kuma tsoron kada masu ba da kuɗi su ɗauka an gama, su daina biyan haƙa rami da gyaran ɗakin gwaji. Habashan da ake misali da ita, in ji su, sai da ta tura mutane gunduma-gunduma suka ɗebo dubban samfura.

Idan aka auna maganganun biyu, saɓanin ba a kan ko a yi amfani da tauraro ba ne, a kan girman filin da za a yanke wa hukunci ne. A matakin jiha ko ƙaramar hukuma, misali wane haɗin taki ya kamata a kai Giwa da Soba, taswirar tana da amfani ƙwarai. A matakin gona ɗaya, hujjar masu haƙa ta fi nauyi.

Me ya shafi talaka?

Taki shi ne na farko, domin shi ne ya fi cin kuɗin manomin masara. Idan masu haɗa taki suka bi taswira mai inganci, za a rage sayen sinadarin da ƙasa ba ta buƙata. Amma manomin da manhaja ta ba shawara yana da damar tambaya ko an taɓa ɗebo ƙasa a yankinsa, da kuma yaushe. Wanda ke shirin zuba jari mai yawa, ko ƙungiyar manoman da za ta iya haɗa kuɗi, kai samfuri ɗakin gwaji ya fi musu kwanciyar hankali, kuma Zariya na cikin garuruwan da ba sai an yi doguwar tafiya ba.

Na biyu shi ne bashi da inshora. Akwai inshorar da ba ta zuwa gona ta duba asara, tana biya ne idan ma'aunin ruwa ko na koren ganye na yanki ya faɗi ƙasa da wata iyaka. Tana da sauri da araha. Illarta ita ce ƙanƙara ko ambaliya na iya cinye gonar mutum ɗaya alhali yankin kore shar yake a hoto, shi ke nan ba zai sami komai ba. Kafin sa hannu ana bukatar sanin wane ma'auni ne, kuma faɗin wane yanki ya rufe.

Na uku kasuwar waje. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan sare daji ta shafi waken soya, koko, roba da shanu da wasu kayayyaki, tana neman lambobin gonar da aka noma kaya, da shaidar cewa ba a sare daji a wurin ba bayan 31 ga Disambar 2020. An ɗage lokacin fara aiki da ita, amma hoton tauraro ne babban abin da za a duba. Manomin soya da gonarsa ba ta cikin rajista na iya rasa mai sayen da ke fitarwa waje.

Na huɗu, kuma mafi sarƙaƙiya, shi ne fili. Tun 2015 Jihar Kaduna ke da hukumar KADGIS mai riƙe da bayanan filaye a kwamfuta, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Hoto yana nuna abin da ke kan fili ranar da aka ɗauke shi, ba ya nuna mai shi. Saurar da aka bari ta huta, wurin kiwo, burtali, da dajin da mata ke tsintar kaɗanya da itace, duk suna iya fitowa a taswira a matsayin filin da ba a amfani da shi. Idan da wannan taswira kaɗai aka zaɓi wurin dasa itatuwa ko ba mai zuba jari, ba tare da an zauna da mai unguwa da dagaci da arɗo ba, rikici na nan tafe. A ɗaya ɓangaren kuma, tsofaffin hotunan jirgi da jerin hotunan Landsat na iya zama shaida ga mai rauni: suna nuna inda burtali ya bi kafin gonaki su haɗiye shi, da shekarar da gini ya fara cin bakin Kubanni.

Matasan da ke son shiga sana'ar kuwa, hotunan Landsat da Sentinel kyauta ne, manhajar haɗa taswira ta QGIS ma kyauta ce, abin da ake bukata kwamfuta da intanet da koyo. Jirgi maras matuƙi ne ke da sharaɗi: tashi da shi domin aiki yana bukatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a gari irin Zariya mai kwalejin koyon tuƙin jirgi da barikokin soja, akwai wurare da dama da ba a yarda a tashe shi ba.